Shanun Baba Garba da Takardar Lawali

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau Talata, ƙarfe shida saura kwata na safe, ina ƙofar gidanmu a Isa ina ɗaura jarkoki a bayan babur za ni ɗebo ruwa, sai wayata ta yi ƙara. Kabiru ne, mai kabu-kabu a ƙauyen su innata, can gefen Tsamaye. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Mansur, sai haƙuri. Lawali ya cika."

Na ce wane Lawali? Masu wannan suna ba su da iyaka a ƙauyen.

Ya ce, "Injiniya."

Igiyar da nake ɗauri da ita tana hannuna har muka gama magana. Ban san lokacin da na sake ta ba.

Tun hantsi nake ganin rubuce-rubuce a shafin nan. Wani ya ce haɗarin babur ne, wani ya ce mutanen daji ne suka tare shi. Don Allah ku daina. Za ni faɗi abin da na tabbatar kawai, inda ban tabbatar ba kuma za ni ce ban sani ba.

Jiya Litinin bayan la'asar Lawali ya hau saman ƙarfen da aka ɗora tankin ruwan ƙauye, don ya duba wayar da ta sauko daga farantan sola zuwa famfon rijiyar burtsatse. Famfon ya tsaya tun ƙarshen makon jiya. Kabiru yana ƙasa riƙe da tsani. Ya ce ya ji Lawali ya ce "kai!" sau ɗaya, kafin ya ɗaga kai har ya faɗo. An kai shi asibiti a Sabon Birni, ya rasu kafin kiran assalatu. Mun yi masa sutura da hantsi, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Babu bel ɗin tsaro a jikinsa, irin wanda ake ɗaure ƙugu da shi a jikin ƙarfe. Ba mantawa ya yi da shi a gida ba. Bai taɓa mallakarsa ba.

Ya bar mahaifinsa, Baba Garba, da matarsa Saratu, da 'yarsu da ba a yaye ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Lawali ya riga ni shiga kwalejin fasaha da shekara ɗaya, a sashen aikin lantarki. Ranar da na sauka a makarantar ban san kowa ba, ina tsaye da jakata a kai kamar mai tallar gawayi. Ya kalle ni daga nesa ya ce, "Wagga tsayuwar ta Gobir ta. Ɗan gidan wa kake?" Da na ambaci sunan innata sai ya karɓe jakar. A ɗakinsa na zauna har ya gama, bai taɓa karɓar ko kwabo a hannuna ba.

Allon zanensa na gada. Mitar awon wuta ta farko da na riƙe tasa ce. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni ana gobe jarrabawa, shi ya zauna a gefen katifa yana karanta min darasi da ƙarfi, yana kwaikwayon muryar malamin har na manta da ciwon kai.

Akawu yake ce min, wai komai sai na auna. In ya sayo ƙosai ya kan ce, "Akawu, ƙirga mu ji ko an cuce mu."

Akwai wani malaminmu Bayarabe a ɗakin gwaji. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Kullum sai ya ce Bagobiri ba ya tsoron mutuwa don bai san ma'anarta ba, Lawali kuma ya ce masa ai bawa ba ya koya wa ubangijinsa jarunta. A yi ta dariya. Amma in an zo maganar hawa sama, malamin nan ba ya wasa. Wanda ya taka tsani ba bel, ranar a waje zai wuni. Lawali ya san wannan fiye da ni. Shi ya koya min yadda ake ɗaure shi.

To me ya hana shi saye? Wannan tambayar ce ta hana ni zama tun safe, ita ce kuma ta sa nake wannan rubutu maimakon in sa hotonsa in rubuta "gwarzon al'umma" kamar yadda na ga wasu sun yi.

Bari in fara daga abin da karatun ya ci.

Baba Garba yana da shanun huɗa guda biyu, Ja da Kyalla. Duk wanda ya san ƙauyen ya san su. Da su yake huɗar gonarsa, ya yi wa wasu a biya shi, da rani ya ɗaura musu amalanke. Shekarar da Lawali ya samu gurbi aka kai Kyalla kasuwa. Shekara ta biyu, da kuɗin makaranta da na haya da na kayan gwaji suka haɗu, Ja ya bi shi. Dattijo mai furfura ya koma hauya. Ga shi ɗan da zai taya shi yana birni daminar farko da ta biyu.

Mutane sun yi masa magana. Lawali ya ba ni labari cewa amsarsa ɗaya ce ga kowa: "Karatu binne na. Ka zuba iri ga busasshiyar ƙasa, ka koma gida ka jira sama." Wanda bai san binne ba, shuka ce da ake yi tun ruwa bai sauka ba. In ruwa ya zo da kyau ka riga kowa. In ya yi yayyafi ya ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone, ka yi asara biyu.

Nawa karatun ma haka aka yi shi. Tumakin innata ne suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Watan jiya na karɓi sakamakona.

Sai abin da karatun ya kawo. Ba na son in yi wa takardar ƙarya don raina yana ɓace. Ilimin gaskiya ne. Damina biyu ke nan ruwa yana yi mana rowa, ruwan ƙasa ya yi nisa, famfuna suna ta ƙonewa a yankinmu don suna juyawa a bushe. Lawali ya san dalili, ya san na'urar da ake sawa ta kashe famfo in ruwa ya ja baya, ya kuma san yadda ake sauke famfo ƙasa ba tare da an lalata waya ba. Masu shagon cajin waya a kasuwar Bafarawa suna kiransa, suna biyansa. 'Yan kasuwar da ke shigowa daga Nijar ma sun sha ɗaukarsa ya haɗa musu sola, su ba shi sefa a hannu ba gardama.

Aikin albashi dai bai samu ba. Ya kai takardu wurare da dama a Sakkwato. Wasu suka ce sai mai babbar difloma, wasu suka ce sai wanda ya taɓa aiki, wasu ba su ce komai ba har yau. A yankinmu kuwa turakun wuta suna tsaye, amma yaran da aka haifa kwanan nan ba su san amfaninsu ba sai ɗaure jaki. Saboda haka abin da ya rage masa shi ne aikin hannunsa.

A nan ne abin ya karkace, kuma laifin namu ne, mu 'yan gida.

A ƙauyenmu ba a ciniki da ɗan gari. Maƙeri zai gyara maka hauya duk damina, wanzami ya yi wa gidanka aski da kaciya, ba wanda zai ce nawa ne. Sai kaka ta yi, a ɗaure dami a kai musu har gida. Tsari ne mai kyau, kakanninmu sun rayu a kansa, ba na zaginsa. Da Lawali ya dawo da takardarsa, sai gari ya ɗauke shi ya ajiye a wannan sahu. Solar masallaci, batirin makarantar Islamiyya, fankar gidan wane, rediyon gidan wance, famfon gari. In ya gama, dattijo ya kama hannunsa biyu ya ce, "Allah shi yi ma albarka, sai kaka."

Kaka ta zo bara, rumbuna ba su cika rabi ba. Wa zai kai dami gidan wani alhali nasa ba zai kai shi bazara ba? Bana kuma kun ga yadda geron ya tsaya iya gwiwa yana murɗewa.

Maƙeri ƙarfensa tsohuwar garma ce da gawayin da ya ƙona da kansa. Lawali kuwa ko ɗan tef ɗin naɗe waya sai ya saya, da kuɗi, daga Sakkwato. Mai shago a can bai san "sai kaka" ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan. Bara famfon nan ya taɓa tsayawa lokacin da Lawali yana Nijar wurin aiki. Kwamitin ruwa suka yi karo-karo, suka kira wani daga Sakkwato. Mutumin bai ta da babur ba sai da aka tura masa kuɗin mai. Da ya zo aka yanka masa kaza. Kafin ya taka tsani aka ƙirga masa ladansa cif. Na ga hoton da aka ɗauke shi a saman tankin, da bel a ƙugunsa da hular kwano a kansa. Kuɗin dai akwai su in baƙo ne.

Kuma duk ranar da Lawali ya ɓata a kan aikin gida, rana ce da bai je Bafarawa ba, inda ake biyansa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar kasuwar Isa ce ta makon da ya wuce. Ya zo sayen waya, muka zauna a rumfar mai fura. Na nuna masa sakamakona, ya ɗaga shi sama yana cewa, "Jama'a ku zo ku ga Akawu ya zama injiniya!" har mai furar ta ƙara min nono kyauta.

Daga nan ya fiddo wayarsa ya nuna min hoton bel da hula da safar hannu a wani shago. Ya ce ya tambayi kuɗinsu, yana jiran wani aiki a Bafarawa ya faɗa.

Na ce, "Yaya Lawali, wata nawa kana jiran aikin nan? Ka riƙa faɗin kuɗinka a gida mana."

Ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Ya ce, "Wa za ni kalla in ce mai biya? Wanda yay yanka ragon sunana, ko wadda tag goya ni?"

Na ce to shanun Baba fa?

Nan dariyar ta tsaya. Ya juya ludayi a cikin ƙwarya ya ce, "Ina sane, Akawu. Kullum in na ga tsoho duƙe da hauya sai in ji kamar ni ad duƙe bisa bayanai. Ko guda za ni maido mai, in Allah ya so. Kai dai bar lissahi, sha hura."

Ya biya kuɗin furar, ya hau bayan Kabiru. Ganina da shi ke nan.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta, Baba Garba ya aiko a kira ni cikin zaure. Na same shi zaune da takardar shaidar Lawali a kan cinyarsa, an ciro ta daga bango, har da ƙusar a jikin igiyar. Ya shafa gilashin da hannun riga. Ba kuka yake ba. Tambaya ya yi min, irin tambayar manomi, da gaske yana son amsa.

"Mansur, kai ka san abin. Wagga takarda, ana iya maida ta ga sunan wani? Ko na ɗiyatai in ta girma?"

Na ce ba a yi, Baba.

"Ko a sayar?"

Na ce ba a yi.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Sa in mai shi ya mutu, magada na samun sa." Ya jingina takardar da bango, fuskarta a ciki.

Duk lissafin da na taɓa yi a kan karatun nan, ban taɓa sa wannan a ciki ba. Na auna kuɗin makaranta, na auna shekaru, na auna albashin da ake cewa ana samu. Ban taɓa tunanin cewa dukiyar gida gaba ɗaya an ɗauke ta daga turke an zuba a jikin mutum ɗaya ba, mutumin kuma yana hawa sama ba igiya.

Muna nan zaune sai ga Kawu Ila. Shi ne shugaban kwamitin ruwa, kuma wan innata ne uwa ɗaya uba ɗaya. Mutumin kirki ne, kada wani ya karanta wannan ya zage shi. Da hannunsa ya haƙa kabarin Lawali tare da matasa, idonsa jawur. Ya yi wa Baba Garba gaisuwa, ya zauna kusa da ni, ya rage murya.

"Ɗan ƙanwata, an ce kai ma ka ƙare karatun wutan nan?"

Na ce na ƙare, Kawu.

"Alhamdulillahi. Allah bai bar mu hakanan ba. Ka dai ga halin da aka ciki, mata na tonon yashi ga gulbi tun asuba, awaki na mutuwa. In anka yi sadakar ukku sai ka hau ka duba muna. Allah shi yi ma albarka."

Gaskiya ya faɗa. A hanyata ta shigowa na wuce su a gulbi, kowace da ƙoƙo tana jiran ruwa ya tsatso a rami. Ruwan da aka yi wa Lawali wanka da shi ma daga can aka ɗebo.

Ni mutum ne mai tsoro, waɗanda suka san ni sun sani. Ban taɓa ɗaga ido na kalli Kawu yana magana ba. Amma takardar tana jingine a gabana, ina ganin bayanta.

Na ce, "Kawu, za ni hau. Amma sai an sayo bel. Kuma a ba ni abin da aka ba mutumin Sakkwato, kafin in taka tsani."

Kabiru da ke bakin ƙofa ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

Kawu ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Ciniki kaka yi da ni? Ni? Bisa tabarmar makoki? Wanga shi na abin da anka koya muku can?"

Na so in ce ba ni na kawo maganar kan tabarmar ba. Ban ce ba. Na ce, "Ka yi haƙuri, Kawu," amma ban janye ba.

Ya ce, "Bari in ga uwarka."

Sai Baba Garba ya yi magana, bai ko ɗago daga carbinsa ba.

"Ila, biya yaro."

Kawu ya ce, "Yaya Garba, ai ɗan gida na."

"Nawa ma ɗan gida na. Binnena ya ƙone ina kallo, kunya ta hana ni magana. Kada na uwar wanga shi ƙone."

Kawu ya miƙe, ya sa takalmi, ya ce zai tara kwamiti bayan sallar magariba. Bai yi min sallama ba.

Na dawo Isa da la'asar. Innata tana ciki tana karɓar masu gaisuwa, ban faɗa mata ba tukuna. Na san kafin gobe labarin zai riga ni.

Masu tambayata ta saƙo ko su tura 'ya'yansu wannan karatu, ga iyakar abin da zan iya cewa yau. Ilimin yana da amfani, na gani da idona. Amma in za ku sayar da sa don kuɗin makaranta, ku sani takarda ba ta zuwa da kayan aiki, sai an sake saye. Kuma ku yanke shawara tun yanzu ko ku da kanku za ku biya yaron in ya dawo. In ba za ku biya ba, ku bar san a turkensa.

Ga abin da ban sani ba har zuwa wannan lokaci da nake rubutu.

Ban sani ba ko wuta ce ta fizge shi ko ƙafarsa ce ta zame. Akwai tabon ƙuna a tafin hannunsa na dama, amma Saratu ta ce tana jin tsoho ne, ba ta tabbatar ba.

Ban san abin da ya tsayar da famfon ba. Mitarsa ta fashe da ya faɗo, kuma bai samu faɗa wa kowa abin da ya gani a sama ba.

Ban san abin da kwamiti za su yanke ba, ko kuma kwana nawa matan nan za su ƙara a gulbi saboda maganar da na yi. Wannan yana damuna ƙwarai.

Ban san ko innata za ta ce na kyauta ko na kunyata ta a gidan ubanta ba.

Ban san wa zai yi wa Baba Garba huɗa baɗi ba.

Ya Allah, ka gafarta wa Lawali ɗan Garba, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ruwan da ya shayar da mutane ya zame masa sanyi a can. Ladan da muka ce masa sai kaka, ya Allah ka biya shi da hannunka, mu mun kasa. Ka ba Baba Garba da Saratu haƙuri, ka raya abin da ya bari, ka saukar mana da ruwa mai albarka.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya karanta masa Ƙulhuwallahu. Wanda kuma ya san Lawali ya taɓa yi masa aiki ya ce masa sai kaka, gidan Baba Garba bai tashi daga inda yake ba.